Daɓen Na'Allah

Shekarar da na sha ƙasa a gaban mutanen Garin Sodangi, shekara ce da ko ruwan alwala sai an yi masa lissafi. Damina biyu a jere ruwa ya yi mana rowa. Gero ya fito ya kai gwiwa ya tsaya, ya bushe a tsaye. Gulbi ya koma yashi, mata suna tona ramuka a cikinsa suna zaman jiran ruwa ya tsattsafo, su kwasa da ludayi. A lokacin ni ne duba-gari a ofishinmu na Isa. Sunana Malami, ina da babur na gwamnati da kaki mai guga da wani takalmi sau-ciki da nake gogewa kullum, kuma gaskiya ina ji da kaina fiye da yadda ya kamata.

Garin Sodangi ƙauye ne can bayan Gangara. Babbar damuwarsu ban da fari ita ce mata masu naƙuda. In haihuwa ta zo da gardama sai a ɗora mace a amalanke a nufi Sabon Birni, wasu su isa, wasu ba su isa ba. Saboda haka mazan da suka dawo daga cin rani suka haɗa siminti da kwano, gari ya yi gayya, aka gina ɗakin haihuwa guda ɗaya da 'yar baranda. Hukuma ta yi musu alkawarin ungozoma mai ilimin asibiti, wata Ruƙayyatu, amma da sharaɗi: sai duba-gari ya duba ginin ya sa hannu cewa ba haɗari a cikinsa, kafin azahar ɗin Alhamis. In ba haka ba za a tura ta wani ƙauyen da shi ma ya gama nasa ɗakin yana jira. Ungozoma ɗaya ce, ƙauyuka biyu ne, kuma hannuna ne zai raba gardama.

Ran Talata da hantsi na isa. Ruƙayyatu ta riga ni, ta biyo motar da ke raba wa yara madara da garin masara, ta zo ganin inda za ta zauna, da sikelinta mai ƙugiya na awon yara a rataye a kafaɗa. Maigari Sodangi da dattawa suka tarbe ni kamar wani gwamna. Kafin ma in kashe babur, wani gajere kakkaura ya riƙe mini hannu yana cewa in bar rufi, in bar taga, in zo in ga daɓe tukuna. Wannan shi ne Na'Allah birkila, wanda ya shugabanci ginin.

Na ga daɓe kuwa. Tun da nake ban taɓa ganin irinsa a ƙauye ba, kai ko a Isa. Na'Allah ya yi shekaru yana cin rani a kudu, ya ga yadda ƙasan gidajen manya ke sheƙi, ya ƙudura a ransa sai ya yi wa garinsu irinsa. Kwana uku ya yi a durƙushe. Ya zuba ruwan siminti da jar kala, ya bi shi da cokalin gini, ya sake bi da gindin kwalba, daga ƙarshe ya goge da tsumma har sai da mutum ke ganin fuskarsa a ciki. Tun daga ranar gari ya sami wurin kallo. Tsofaffi suna zuwa su tuɓe takalmi a ƙofa kamar za su shiga masallaci, su leƙa ƙasa su gyara rawani. An ce har wasu Fulani da ke wucewa da sauran shanunsu sun ratse don su gani.

In ka tambayi Na'Allah sai ya ce don gari ya yi. Kowa ya san ba haka ba ne, ko dai ba haka kaɗai ba. 'Yarsa ta farko, Mairama, ta dawo gida goyon ciki, wata na tara, kuma ita ake sa ran za ta fara haihuwa a ɗakin. Da yake ita ce ta farko, Na'Allah ba ya kama sunanta, ba ya yi mata magana a gaban mutane, in ta shigo zaure sai ya sami abin dubawa a bango. Iyakar abin da yake cewa shi ne “yarinyag ga”. Duk maganar da bakinsa ya kasa yi mata shekara ashirin da biyu, ita ce ya zuba a ƙasan ɗakin nan da gwiwoyinsa.

Na yi aikina yadda na saba. Na duba kwano ba huda, taga tana buɗuwa, ƙofa amalanke zai iya tsayawa a bakinta, masai yana nesa da ramin da suke fatan zai zama rijiya. Sai na shiga tsakiyar ɗaki na taka daɓen, na buga dunduniya, na murza ƙafa hagu da dama. Takalmina ya yi ƙara ya kama ƙasa tsam. Na gyaɗa kai irin na manyan ma'aikata, na ce babu laifi. Na'Allah ya washe baki har kunne. Na ɗora takarda a kan jakata, na cire murfin biro.

“Ɗana, kak ka sa hannu tukun.”

Wata tsohuwa ce a bakin ƙofa, siririya, da tulu a ka, ƙafafunta duk yashin gulbi. Aka raɗa mini cewa Inna Kande ce, tsohuwar ungozomar garin, wadda ta yanke cibiyar rabin mutanen da ke tsaye a wurin. Nan take na yanke mata hukunci a raina: kishi ne ke damunta, an kawo wadda za ta karɓe mata aiki. Ta tambaye ni ko na gwada daɓen da ruwa. Na yi dariya, dattawa suka taya ni. Na ce mata wane ruwa kuma, shekara biyu ba mu ga ruwan kirki ba, ga rufi sabo ba ya yoyo.

Ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, ba ta yi dariya ba.

“Ku maza kun ɗauka daga sama kaɗai ruwa ka zuwa. Wa at taɓa shiga ɗakin haihuwa cikinku? Shekarata arba'in ina aikin ga, ban taɓa hitowa da busassar ƙahwa ba. Faya ta hwashe, ga jini, ga ruwan zahi, ga wankan jinjiri. Ɗakin haihuwa bai san ana hwari ba.”

Babu wanda ya taɓa shiga a cikinmu. Mu maza goma sha wani abu ne a wurin, da birkila da maigari da liman da ni mai takardar makarantar tsabta, duk ba wanda wannan tunanin ya zo masa. Ruƙayyatu ce kawai na ga ta sunkuyar da kai tana kallon daɓen da wani irin ido daban. Daga baya ta gaya mini ita ma abin ya tsaya mata a rai tun da ta shiga, amma baƙuwa ce, ta ji nauyin kushe abin da gari ke alfahari da shi.

Kafin mu ankara Inna Kande ta sauke tulu ta karkata shi. Ruwan da ta yi rabin safiya tana tarawa ludayi-ludayi, ta tuttular da kusan rabinsa a tsakar ɗaki. Wurin ya ɗauki salati. Wani tsoho har da miƙa hannu kamar zai tare. A shekarar nan in ka zubar da ruwa da gangan, mutane ba su san ko su yi maka faɗa ko su yi maka addu'ar samun lafiya ba. Shi ya sa ma tun da aka gama ɗakin ba a taɓa jiƙa shi ba. Ko shara da busasshen tsumma ake yi.

Ni kuwa raina ya ɓaci, don tsohuwa ta koya mini aikina a gaban jama'a. Na ce to bari in nuna mata. Na gyara hula, na ɗaga kai, na taka cikin ruwan da ƙarfina kamar mai faretin soja.

Taku ɗaya na yi. Na biyun ban san inda ya tafi ba. Na dai ga rufin kwano a inda ya kamata in ga bango, sannan na ji ƙuguna ya gaisa da aikin Na'Allah. Biro ya yi gabas, hula ta gangara har baranda, ni kuma na ci gaba da tafiya a zaune sai da bango ya tare ni.

Kowa ya shiga danne dariya. Maigari ya ce sannu da wata murya mai rawa. Liman ya juya baya kafaɗunsa suna motsi. Matan da suka taru a bayan taga su ne suka fara sakinta, daga nan kowa ya bi, har ni, don babu abin da ya rage mini. Mutanen da suka yi wata da watanni ba su yi dariya mai kyau ba suka yi ta har da hawaye. In don wannan ne kaɗai ma, ban yi asarar ƙuguna ba.

Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba. Na'Allah ya ce laifin takalmina ne, takalmin birni mai ƙasa kamar sabulu. Ya ce matan garinsu ba sa sa irinsa. Ya ce ni ma na taka da gayya ne. Ya rantse daɓensa ba shi da aibu, kuma duk wanda ya ce yana da shi baƙin ciki yake yi. Yana magana yana hararar Inna Kande, ita kuma ta zauna a dokin ƙofa tana karkaɗe yashin ƙafarta kamar ba da ita ake ba.

Ina zaune ina murza ƙugu sai idona ya faɗa kan sikelin Ruƙayyatu. Nan na tuna wani darasi da aka yi mana a makarantar tsabta, wanda na haddace don jarrabawa na watsar. Ba a auna santsin ƙasa da ƙafar mutum, don mutum yana da son zuciya kuma yana da ƙugu. Takalmi ake ɗora wa nauyi, a ja shi da sikeli a kwance, a ga ƙarfin da zai ci kafin ya motsa. In allura ta kai rabin nauyin kafin takalmin ya gusa, ƙasa ta kama. In ya gusa tun ba ta kai ba, akwai magana.

Na ce a kawo dutse. Muka ari silifas na roba daga wata mata a bayan taga, irin wanda kowace mace ke sawa, muka ɗaura dutsen a kai, muka rataya a sikeli: kilo huɗu cif. Na bayyana musu cewa biyu muke nema. Don kada a ce na yi coge, na miƙa wa Na'Allah sikelin na ce shi zai ja, liman ya karanta.

Ya fara da busasshen gefe. Ya ja a hankali, allura ta hau, ta wuce ɗaya, ta wuce biyu, sai da ta kusa uku silifas ya motsa. Na'Allah ya ɗago ya dubi jama'a yana murmushi. Sai muka mayar da shi cikin jiƙaƙƙen wuri. Bai gama miƙe igiyar ba silifas ya taho gare shi da kansa. Liman ya ce bai ma ga allurar ta kai ɗaya ba. Na'Allah ya ce a sake. Aka sake. Ya ce a canja takalmi, aka kawo fade na fata, aka kawo na taya irin na makiyaya, har nawa da ake zargi aka ɗaura wa dutse. Duk tafiyarsu ɗaya. A karo na ƙarshe ma bai jira liman ya faɗi ba, ya ajiye sikelin a hankali ya zauna a ƙasa.

Na ji tausayinsa ƙwarai. Na mayar da murfin biro na ce ba za ni iya sa hannu ba. Maigari ya ja ni gefe ya roƙe ni, ya ce in sa hannun kawai su sami ungozoma, daga baya a shimfiɗa tabarma. Na so in yarda, wallahi na so. Amma tabarma a kan wannan daɓen ita ma tafiya za ta yi da mai ita, kuma ƙuguna bai daina tuna mini ba. Ni namiji ne mai lafiya na faɗi na tashi. Mace mai ciki wata tara ba haka za ta tashi ba.

Aka shiga shawara, kowace shawara ta mutu a inda aka haife ta. A sake zuba wani daɓen a kai: babu siminti ko buhu ɗaya, kuma ko akwai, ina za a sami ruwan kwaɓi da na ban-ruwa. A nemi ƙarin kwana: na san mutanen ofishinmu, Alhamis Alhamis ce. Ana cikin haka mata suka shigo da tsumma suna tsane ruwan suna matsewa a ƙwarya, suka kai wa 'yar darbejiyar da aka dasa a ƙofar ɗakin, don ko ɗigo ba za a bari ya tafi a banza ba.

Inna Kande ta bari sai da muka gaji don kanmu, sannan ta ce, “In dutsen niƙa yai sulɓi ya bar cin tsaba, mi aka yi mai?”

Matan taga suka amsa baki ɗaya cewa koɗa shi ake yi. Kowa ya san wannan. In dutsen niƙa ya goge ya yi sumul, sai mace ta ɗauki makoɗi, ɗan dunƙulen dutse mai tauri, ta bi fuskarsa da sara ƙanana-ƙanana har ya yi kaushi ya koma cin hatsi. Ba ya son siminti, ba ya son ruwa, hannu kawai yake so. Kuma kowane gida akwai makoɗi a ajiye, don rabon da a niƙa abin kirki a garin an daɗe.

Na'Allah ya miƙe tsaye kamar an tsikare shi. Ya ce sai dai a koɗe kansa. Ya ce kwana uku ya yi a kan gwiwa, ba don a mayar masa da aiki dutsen niƙa ba. Ya tsaya a tsakiyar ɗakin ya ware hannuwa, ya ce ba macen da za ta taɓa masa daɓe.

A daidai lokacin ne Mairama ta iso. Ta ji hayaniya daga gida ta biyo sauran mata, tana tafe a hankali hannu ɗaya a ƙugu. Ba ta san abin da aka tattauna ba, ta dai ji an ce duba-gari ya faɗi. Ta zo bakin ƙofa, ta dafa dokin ƙofar, ta miƙa ƙafa ɗaya ta taɓa inda ke da sauran danshi da babban yatsa. Yatsan ya zame. Ta yi sauri ta janye ƙafar, ta kai ɗaya hannun ta tallafe cikinta. Ba ta ma dubi mahaifinta ba.

Shi ya dube ta. Ina jin karo na farko ke nan da ya yi haka a gaban mutane. Hannuwansa suka sauka. Sannan ya juya wajen tsohuwar.

“Inna, aiko a ɗauko min makoɗinki. In za a ɓata shi, ni za ni hwara.”

Ya durƙusa a daidai inda na faɗi, ya dubi fuskarsa a cikin daɓen sau ɗaya, ya ɗaga makoɗi ya sara. Wani ɗan farin tabo ya fito a cikin jan. Ya sake sarawa. Na ga hawaye a gemunsa.

Da ya huce sai birkilan da ke cikinsa ya farka. Ya ce in dai za a yi, to a yi shi da tsari, ba kowa ta sari inda ta ga dama ba. Ya kawo igiya da gawayi ya raba ɗakin gida-gida, kowace mace da nata. Ni kuma na sa baki da nawa ilimin, yanzu da na dawo hayyacina: kada a yi rami mai zurfi da zai riƙe jini da datti, a dai kashe sheƙin, ya yi kaushi kamar sabon dutse, yadda tsintsiya da ruwan sabulu za su iya fitar da komai. Ruƙayyatu ta ɗaure gyale a ƙugu ta karɓi nata gidan kusa da na Inna Kande. Kafin la'asar na ji tsohuwar tana koya mata sunayen matan garin da irin haihuwar kowace, wadda ke daɗewa da wadda ke zuwa da sauri. Kishin da na zarge ta da shi ban ga ko alamarsa ba, na ji kunyar kaina.

Na kwana a garin, don ba ni da fuskar komawa ofis da takarda ba hannu. Laraba tun da sassafe mata talatin da wani abu suka cika ɗakin, kowace da makoɗinta. Da suka fara, sai sautin ya haɗu ya zama ɗaya, ƙwas-ƙwas-ƙwas, yana fita ta taga yana ratsa gari. Wannan ƙarar a da ita ce alamar kaka, alamar akwai abin niƙa a gida. Wata tsohuwa makauniya ta sa aka jawo ta daga ƙarshen gari, tana tambaya ko hatsi aka kawo. Da aka gaya mata abin da ake yi, ta ce a bar ta ta zauna a baranda, ita dai ta ji. Ta wuni a wurin tana kaɗa kai.

Inda mata suka taru da aiki irin wannan kuwa ba a rasa waƙa, kuma ba sai an faɗa muku wanda aka sa a ciki ba. Wata Tani ce ke bayarwa, saura na amsawa da makoɗi:

“Malami ya zo duba gari,
Gari ya duba Malami.”

Har da baitin hula da na biro. Ina zaune a gindin darbejiya ina yi kamar ina rubutu, yara da manya suna leƙo ni. Shekaru bayan haka na je Gatawa wani aiki, na ji ana daka da ita a wani gida. Ban tsaya na gabatar da kaina ba.

Na'Allah yana bin su gida-gida da tafin hannu, yana shafawa, yana cewa nan a ƙara, nan ya isa. Da yamma ta yi an gama, sai wani ɗan lungu a kusurwa inda za a ajiye kabad. Inna Kande ta hana a taɓa shi. Ta ce ba mai taka wurin, a bar wa mai aiki abin nuna wa baƙi.

Alhamis da safe aka yi gwaji. Wannan karon ba tulun mutum ɗaya aka zubar ba. Kowace mace ta zo da ludayi ɗaya daga nata rabon, suka bi layi suna zubawa a ƙwarya har ta cika, aka watsa a tsakar ɗaki, Ruƙayyatu ta ƙara da ɗan sabulu don a gwada mafi muni. Silifas ɗin nan dai, dutsen nan dai, Na'Allah ke ja, liman ke karatu. Allura ta wuce ɗaya. Ta kai biyu silifas bai motsa ba. Sai da ta ɗan gota sannan ya gusa da ƙyar, yana gurnani. Muka gwada wuri bakwai, har bakin ƙofa da inda za a sa gado, duk haka. Sai jama'a suka ce saura gwaji ɗaya, kuma duk suka juyo suna kallona. Ba yadda na iya. Na cire hula na ba maigari ya riƙe mini saboda tsaro, na taka cikin ruwan. Na je bango na dawo a kan ƙafafuna. Guɗa ta tashi. Na sa wa takardar hannu a kan sirdin babur, na kama hanyar Isa, na ajiye takardar a teburin da ya kamata ana kiran azahar.

Bayan kwana tara na koma kai musu gado da kabad a motar ofis. Muna saukewa da hantsi sai ga mata sun riƙo Mairama. Aka kore mu waje, aka rufe ƙofa. Ni da Na'Allah muka zauna a 'yar inuwar darbejiya, wadda ba ta isa mutum ɗaya ba balle biyu. Ya yi ta ba ni labarin yadda ake haɗa kwaɓin siminti, ya maimaita sau uku, bai san yana yi ba. Can wajen azahar muka ji kukan jariri.

Inna Kande ta fito, zaninta a jiƙe har gwiwa, sawunta na bin ta a baranda. Ta ce mace aka samu, uwa da ɗiya lafiya. Na'Allah ya yi hamdala. Na ga yana son ya tambayi wani abu game da 'yarsa, kunya ta hana shi, ya yi ta juya hula a hannu. Daga ƙarshe ya sami hanyar da zai bi.

“Inna, daɓen hwa?”

“Tana tsaye tsakar ɗaki faya ta hwashe,” in ji ta. “Ni ina wajen ruwan zahi, Ruƙayya na shimhiɗa gado, ba mai riƙe da ita. Ciwo ya murɗo ta, ta taka cikin ruwan da nauyinta duka, taku huɗu har bakin gado. Daɓenka ya riƙe ta, Na'Allah.”

Na'Allah ya miƙe. Ya juya ya fuskanci bangon da ya gina, ya dafa shi da hannu biyu. Ni kaɗai ke kusa da shi, kuma na yi kamar ina duba tayar mota, amma na ji abin da ya faɗa a hankali.

“Mairama,” ya ce. “Sannu, Mairama.”